Taƙi Ɗaya Daga Zuciya

Malam Uzairu yana cikin mutanen da ruwan Tiga ya tasa. Yana saurayi aka datse kogin, ruwa ya hau ya shafe garinsu, Tsamiyar Liman, da masallacinsa da maƙabartarsa da rijiyar bakin kasuwa. Hukuma ta ba su wani tudu a ƙasar Bebeji, suka kafa sabon gari, suka koyi kamun kifi da noman rani. A nan ya yi aure, a nan ya karantar, a nan ya aurar da 'ya'yansa, a nan kuma ya binne matarsa Baturiya, Allah Ya jiƙanta da rahama. Da shekaru suka tura, sai aka wayi gari duk sabon garin babu sauran wanda zai ce wa, "Ka tuna?" a amsa masa.

Mutum ɗaya ya rage masa a bayan ƙasa wanda ya san tsohon garin, shi ne Malam Ɗan'azumi, ɗan kawunsa, taubashinsa. A gaban limami ɗaya suka yi karatu, a zaure ɗaya suka yi hadda. Lokacin tashi, mahaifin Ɗan'azumi mai shanu ne, ya ce tudun da aka ba su ba zai ɗauki garke ba, ya kwashi iyalinsa ya yi kudu, suka sauka wajen Burumburum. Tun daga nan sai biki ko gaisuwar mutuwa ke haɗa su. Daga baya Allah Ya jarrabi Ɗan'azumi da rashin ido, tafiya ta gagare shi, duba rubutu ma ya gagare shi. Abin da ya rage masa shi ne abin da ke cikin ƙirjinsa, da kuma wayar hannu.

Kullum da hantsi, bayan sallar walaha, wayar Malam Uzairu sai ta yi ƙara. Ya ciro ta daga aljihun gaba na rigarsa, ya kara a kunnen hagu, domin na dama ya mutu tun wata cuta da ya yi yana matashi.

"Ɗan mace, kana raye?" in ji Ɗan'azumi.

"Ina raye, makahon Burumburum. Ba zan tafi ba sai na yi maka salla."

"Kai da ko tsayuwa ba ka iya ba? Ja mu je. A ina muka kwana?"

Daga nan wasa ya ƙare, sai tilawa. Wannan ya ja, wancan ya saurara, sannan su yi musaya. Suna bin tsarin limaminsu: mai saurare ba ya faɗa wa mai karatu kalmar da ya ɓata, sai dai ya yi gyaran murya, mai karatu ya koma baya ya nemo da kansa. Akwai wani wuri da Malam Uzairu yake tuntuɓe tun yana yaro, inda ayoyi biyu suka yi kama da juna, harshensa yakan zame daga wannan ya faɗa waccan. Ɗan'azumi ya san wurin kamar yadda ya san ƙofar ɗakinsa, kuma a nan yake jiransa duk zagayowa. Sun sauke tare sau da yawa. A wannan zagayen, sun ci fiye da rabi, suna fatan kammalawa kafin kaka.

Ana cikin haka, da farkon damina, Malam Uzairu ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar masallaci. Autarsa Nusaiba, wadda ke aure a Ƙafin Maiyaki, ita ta kai shi wani asibiti a Kano. Aka ce zuciyarsa tana jinkirin bugawa. Aka yi masa aiki, aka sa masa wata 'yar na'ura a ƙirji. Ranar sallama likitar, wata mace mai natsuwa, ta zauna kusa da gadonsa.

"Baba, abin da muka sa maka yana nan ƙarƙashin fata, ƙasan ƙashin wuyanka na hagu. Aikinsa ya tunatar da zuciya in ta yi jinkiri. Kana da waya?"

"Ina da ita."

"A ina kake ajiye ta?"

Ya dafa aljihun gaba, daidai kan bandejin.

"To daga yau ta bar nan. Waya tana magana da ƙarfen sabis ne ta wasu igiyoyi da ido ba ya gani, irin na rediyo. In ta manne da na'urar, tana iya rikita mata aiki. Ka bar taƙi ɗaya tsakaninsu." Ta ware babban yatsanta da manuni ta nuna masa. "In za ka amsa kira, ka sa a kunnen dama."

Ya so ya ce mata kunnen dama ba ya ji. Amma ya hangi marasa lafiya jere suna jiranta, ya ji nauyin ya ƙara mata wani kukan bayan wahalar da ta sha a kansa. Sai kawai ya ce, "Allah Ya saka da alheri."

Malam Uzairu mutum ne da ya tashi a kan tsantseni. A gonarsa yakan bar kunya guda ba shuka a iyakarsa da maƙwabci, don kada garmarsa ta ci ko yatsa ɗaya na ƙasar wani. In aka ce masa ga bakin haram, ba ya tsayawa a bakin, sai ya ja baya. Wannan hali ya tsare shi daga abubuwa da yawa a rayuwa, mutane kuma suna girmama shi saboda shi. Da ya dawo gida, da shi ya auna maganar likita. Ya ɗauki allura da zare ya ɗinke bakin aljihun gaba na rigunansa duka. Sannan ya zauna ya yi nazari: in taƙi ɗaya ne iyaka, mai hankali ba ya zama a kan iyaka. Ya mai da shi kamu. Da ya kwana ya tashi, ya ga hannun tsoho yana rawa, yana iya mantuwa ya jawo ta jikinsa, ya mai da shi gaba guda.

Ba mutuwa yake tsoro ba. Ya daɗe da sayen likkafaninsa. Abin da yake tsoro shi ne jiki amana ne, kuma an gaya masa abin da zai cutar da shi. In ya kusanci wayar, na'urar ta tsaya, da wane baki zai ce ba da hannunsa ya jawo ba?

Ranar da ya fara fita masallaci, masu yi masa sannu suka ƙara masa. Mudi mai kifi ya ce, "Ai Malam, waɗannan wayoyin wuta ce marar hayaƙi. An ce in ka jera biyu ka sa ƙwai a tsakiya, sai ya dahu."

"Ka gani da idonka?" wani ya tambaya.

"Ni ina na ga ƙwan ɓatarwa? Amma an faɗa. Kuma mai ƙarfe a ƙirji, an ce ko ta bango tana jawo shi."

Aka yi dariya aka watse. Malam Uzairu bai yi dariya ba. Ya san maganar "an ce" ba hujja ba ce, shi da kansa ya sha hana ɗalibansa ita. Amma a wannan karon ta sami wuri a zuciyarsa ta zauna. Da ya koma gida, ya sa wayar a bakin tsintsiya ya tura ta cikin faifai, ya kai ta ɗakin marigayiya Baturiya, can ƙarshen tsakar gida, inda wayar wutar sola take shigowa. Ya jona ta da caji, ya ajiye ta a kan jeren kwanukanta, ya jawo ƙofa. Bai kashe ta ba. Kashe ta ya yi masa kama da rufe ƙofa a fuskar ɗan'uwa.

Washegari da hantsi, yana zaune a kan buzunsa a bakin ɗakinsa, ta fara ƙara.

Ƙarar tana fitowa daga ɗakin da babu kowa, ta ratso tsakar gida, ta wuce turmi da randa, ta iso kunnensa na hagu. Ya san wane ne. Ya san yadda makahon yake zaune a can, ya tanƙwashe ƙafa, ya karkata kai yana jira. Ta yi ta yi ta katse. Ta sake. Ta katse. Malam Uzairu ya ja carbinsa, bai san abin da yake ja ba. Da ta yi shiru ya buɗe baki ya fara tilawa shi kaɗai, amma karatun da babu mai saurare sai ya ji kamar yana zuba hatsi a buhu marar gindi. Bai yi nisa ba ya tsaya.

Haka aka yi ta yi. Ya aika ta bakin Nusaiba a gaya wa mutanen Burumburum halin da ake ciki, aka kuma gaya musu. Duk da haka kiran bai fasa ba. Zuwa da kansa kuwa babu hali, domin an hana shi jijjigar acaɓa har ciwon ya warke, ga shi ruwa ya ɓata hanyar.

Wata rana kiran ya zo daidai lokacin da Rabi, matar ɗan ƙanensa, ta shigo da kunun da take kawo masa.

"Baba, wayarka ce fa take kuka a ɗakin Inna."

"Na ji ta."

"In ɗauko?"

Ya girgiza kai. "Ki amsa daga can. Kada ki fito da ita."

Ta shiga, ta gaisa cikin ladabi, sannan ta leƙo ta taga tana danne dariya.

"Baba, wai in tambaye ka, ƙarfen da aka sa maka na zuciya ne ko na kulle baki?"

"Ki ce masa likita ce ta hana."

"Ya ce wai likitar ta san shi? Me ya yi mata?" Ta sake saurarawa. "Ya ce tun kuna yara kai matsoraci ne. Wai ranar da kuka je tsinkar tsamiya a bayan gidan liman, kai ka tsaya riƙon takalma."

Murmushi ya suɓuce wa Malam Uzairu. Rabon da wani ya ambaci wannan tsamiyar a gabansa har ya manta. "Ki ce masa wanda ya hau ai shi ya faɗo."

Rabi ta faɗa. Ta ga fuskar tsohon ta saki, sai ta fito da wayar a hannu ta nufo shi. "Baba, ga shi ku gaisa kawai, ko kalma ɗaya."

Ya ɗaga tafin hannu da sauri, ɗayan hannun ya dafe ƙirji. "Tsaya nan! Kada ki ƙaraso."

Ta tsaya cik a tsakiyar gida, kusa da turmi. Daga inda yake yana jin wata 'yar murya siririya tana fita daga tafin hannunta, ba ya rarrabe kalmomin. Rabi ta mai da wayar kunnenta. Wannan karon da ta ɗago, babu dariya.

"Ya ce in gaya maka yana nan inda kuka kwana, bai wuce ba. Ya ce shi ba shi da ido, kai ne idonsa. In ya ɓata, babu mai yi masa gyaran murya. Ya ce wasu wuraren sun fara kuɓuce masa."

Malam Uzairu ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Ki ce masa ya yi haƙuri. Ki mai da ita inda take."

Ranar Juma'a Nusaiba ta zo duba shi. Tun daga zaure ya ce ta bar wayarta a can.

"Baba, ina wurin fa aka yi maganar nan. Taƙi ɗaya ta ce. Ga shi," ta ware yatsunta.

"Na gani, Auta. Ta kuma ce kunnen dama. Ina kunnen daman?"

"To a buɗe sifika mana, a ajiye ta a gabanka."

"In hannuna ya kai ta ƙirji da mantuwa fa? In igiyar ta fi taƙi tsawo ranar da ta ga dama fa? Ke kin gan ta? Abin da ba a gani, nisa da shi ya fi."

"Kawu Ɗan'azumi fa?"

"Allah Yana tare da shi."

Ta san mahaifinta. Ta share hawaye da bakin mayafi, ta wanke masa kaya, ta tafi.

Damina ta yi nisa, gero ya fitar da kai. Wata safiya ya idar da walaha, ya zauna a kan buzu, ya karkata kunnen hagu wajen ɗakin Baturiya kamar yadda ya saba. Inuwar katanga ta janye daga kan randa. Kaji suka gama tononsu suka koma gindin rumbu. Wayar ba ta yi ƙara ba. Ya sa Rabi ta duba ko caji ne ya ƙare, ta ce a cike take. Washegari ma shiru. Sai a lokacin ya gane cewa ƙarar nan da yake zaune yana jin zafinta, ita ce ke raba masa yini gida biyu, ita ce sallamar da ake yi masa. Ya ce a ransa, Ɗan'azumi fushi ya yi, kuma yana da gaskiya. Gidan ya yi masa faɗi. Da la'asar yakan dogara sanda ya hau ɗan tudun bayan gari, ya zauna a gindin wata ɗorawa yana kallon ruwan Tiga, wajen da yake zaton nan ne masallacin Tsamiyar Liman yake kwance.

Da lokacin komawa asibiti ya yi, Nusaiba ta zo ta tafi da shi. A mota ba ta da yawan magana, shi ma bai tambaye ta dalili ba. Likitar ta ɗora wani abu a kan ƙirjinsa, ta duba allon na'urarta, ta ce komai lafiya, ciwon ma ya warke. Tana cikin magana sai waya ta yi ƙara a aljihun farar rigarta. Malam Uzairu ya zabura ya ja da baya har kujera ta yi ƙara, yana salati.

"Baba, lafiya?"

Nusaiba ce ta ba da labari, tun daga ɗinke aljihu har zuwa ɗakin marigayiya. Likitar ta riƙe haɓa.

"Ikon Allah. Baba, taƙi ɗaya na ce, ban ce unguwa ɗaya ba."

"Na ƙara ne don tsantseni, 'yata. Kuma kunnen da kika ce in sa, ba ya ji."

"Ai da ka faɗa mini. Sai ka buɗe sifika ka ajiye ta a gabanka, shi ke nan." Ta ciro wayarta ta ɗora a kan tebur tsakaninsu. "Duba. Ƙarfin igiyar nan a jikin wayar yake. Da ka ɗan matsa, ya ragu ƙwarai, kamar zafin fitila. Wayoyin da ake yi bisa ƙa'ida, sai an auna abin da jikin mutum ke sha daga gare su, akwai iyakar da ba a yarda su wuce ba. Waɗanda suka sa iyakar sun riga sun bar rata a ciki. Taƙin da na ba ka ma haka yake, da tsantseninsa a ciki aka yanka shi. Ba sai ka ƙara naka ba."

"Ta bango fa? An ce tana jawo ƙarfe."

"Baba, tun da ka shigo asibitin nan kowa ka wuce da waya a jikinsa. Ga na'urarka ta nuna mini ko sau ɗaya ba ta rikice ba. Abu guda zan ƙara maka. In sabis ya yi rauni, waya takan ƙara ƙarfi don ta kai ga ƙarfen sabis, kamar mai kiran wanda ya yi nisa. Saboda haka ka riƙa kira a inda sandunan sabis suka cika. Kada dai ta koma aljihun gaba, kada ka kwanta da ita a ƙirji. Wa kake kira da ita ne haka?"

"Wani ɗan'uwana," ya ce. "Makaho ne."

"To ka kira shi. Zaman kaɗaici ma ba ya yi wa zuciya daɗi."

Ya yi godiya, amma bai ce ya yarda ba. Suka fito an yi kiran azahar. Ya tsuguna a bakin famfon masallacin asibiti yana alwala. Ya wanke hannun dama sau ɗaya, sau biyu, sau uku, ya tsaya, kamar yadda ya saba tun yana yaro. Sai ya bi hannun da kallo, ruwa yana ɗiga daga gwiwarsa. Sau nawa ya ga ɗalibi yana ƙara wanki na huɗu da na biyar, ya riƙe masa buta ya ce masa wanda ya ƙara a kan iyaka bai fi kowa tsarki ba, wasuwasi ne ya kama shi? Iyaka tana da baki biyu, ya sha faɗa musu, ana saɓa mata ta gaba, ana saɓa mata ta baya. Kunyar da yake bari a gona, tasa ce, shi ke asarar hatsinta. Wannan ratar kuwa da ya bari, ba daga nasa ya yanke ta ba. Daga haƙƙin makaho ya yanka.

Ya idar da salla ya daɗe bai tashi ba.

A tashar Ƙafin Maiyaki, inda za su rabu, Nusaiba ta riƙe hannun rigarsa. "Baba, akwai maganar da na riƙe, na ce sai likita ta duba zuciyarka tukuna. Kawu Ɗan'azumi ba fushi ya yi ba. Ya faɗi ne. Ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya riƙe. Kaltume matar ɗansa ta ce yana ji, yana ganewa, amma magana ba ta fita."

Malam Uzairu ya yi istirja'i a hankali. Bai ce mata don me ta ɓoye ba. Ya ce, "Nuna mini yadda ake buɗe sifikar nan." Ta ciro tata, ta nuna masa, bai ja da baya ba.

Ya isa gida bayan la'asar. Ya tura ƙofar ɗakin Baturiya, ƙamshin tsohon turare da ƙura ya tare shi. Ya miƙa hannun dama ya ɗauki wayar, yana jin bugun zuciyarsa daidai, ba ƙari ba ragi. A ɗakin sandar sabis ɗaya ce. A tsakar gida biyu. Ya gwada sifikar a kan tabarma, ya ji muryar da ke cikinta ta yi wa kunnensa ƙanƙanta. Ya tsaya yana duban jeren kwanukan, sai idonsa ya faɗa kan akushin da take zuba masa tuwo, baƙi, mai zurfi. Ya tuna yadda cokali ke amsa kuwa a cikinsa. Ya ɗauke shi ya kakkaɓe, ya sa wayar a aljihun gefe na dama, ya dogara sanda ya hau tudun bayan gari.

A gindin ɗorawa sandunan suka cika. Ya shimfiɗa buzu yana fuskantar alƙibla, ruwan Tiga yana gefensa. Ya ajiye akushin a gabansa, ya sa wayar a ciki. Sannan ya ware babban yatsa da manuni, ya auna daga ƙirjinsa. Akushin ya wuce taƙi da kaɗan. Ya bar shi a nan, bai ƙara tura shi ba.

Muryar Kaltume ta fito daga cikin akushin, cikakkiya, kamar tana tsugune a gabansa.

"Baba Uzairu? Kai ne da kanka? Sannu Baba, ya jiki? Wayyo, da ka san yadda ya yi ta cigiyarka. Ko ranar da abin ya same shi, wayar tana hannunsa."

"Ki kai masa ita kusa da kunne, 'yata. Allah Ya yi miki albarka."

Aka yi motsi, aka ja tabarma. Sai numfashi, mai nauyi, yana shiga yana fita.

"Makahon Burumburum," in ji Malam Uzairu. "Ɗan mace ne. Ina raye. Ka yafe mini riƙon takalma."

Numfashin ya yi sauri, ya koma ya lafa. Babu kalma.

"Na san inda muka kwana. Yau ni zan ja, nawa da naka."

Ya nemi tsari, ya yi basmala, ya fara. Yana ja, iska tana kaɗa ganyen ɗorawa, masu kwalekwale can nesa suna jan koma. Daga cikin akushin babu abin da ke fitowa sai numfashi. Bai sani ba ko ana bin sa, ko barci ya ɗauke mai sauraren, ko ciwon ya tafi da abin da ke ƙirjin ma. Ya ci gaba. Hawaye suka cika masa ido, hankalinsa ya rabu tsakanin karatu da sauraren numfashin, har ya iso wurin nan nasa na tun yarinta bai lura ba. Ba da gangan ba, domin ba zai taɓa yin wasa da wannan ba, harshensa ya zame ya faɗa waccan ayar.

Daga cikin akushin Baturiya, a shaƙe, da ƙyar, aka yi gyaran murya.

Malam Uzairu ya tsaya. Ya share fuska da hannun riga. Ya koma baya ya nemo ayar, ya ɗora daga nan.